Me Ka Zuba a Rumbu Bana?

  

Shirinmu na yau na matasa ne, maza da mata, 'yan shekara 13 zuwa 19. Amma iyaye, kada ku tashi. Uwa, in kina tsakar gida kina kwashe tuwo, ƙara wa rediyon murya. Uba, in kana shago ko kana hanyar komawa gida, har da kai nake. In akwai yaro a kusa, a kira shi. In akwai yarinya a ɗaki, a ce ta fito. Wanda waya ke hannunsa, ya kife ta na minti 20.

Shekara ta zo ƙarshe. Maganarmu kashi huɗu ce. Da fari zan ba ku labarin wani littafi da na gani. Sai mu duba yadda ake lissafin shekarar da ta wuce. Daga nan mu shiga yadda ake ɗaura niyyar mai zuwa. A ƙarshe ina da saƙo ga iyaye.

To, bismillah. Kashi na farko, labarin littafi.

Makon jiya na je gidan ƙanwata. Na tarar da babban ɗanta a zaure, ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Shekararsa 17, yana ajin ƙarshe na sakandare. Bayan mun gaisa, sai na ga littafi a kan cinyarsa. Irin mai falle 40 ɗin nan ne. Bangon ya tsage, ga tabon manja a gefe.

Na ce, "Ɗana, me ake dubawa?"

Ya yi shiru. Can sai ya miƙo mini da hannu biyu.

A saman shafin farko ya rubuta 1 ga Janairu. A ƙasa ya jera abubuwa 12 da jan biro, kowanne da lambarsa. Zan haddace izu 10. Zan zo na ɗaya a aji. Zan daina makara sallar asuba. Zan ci lissafi. Zan koyi kwamfuta. Zan tara kuɗi in sayi keke. Haka dai har 12.

Na buɗe shafi na biyu. Fari fat. Na buɗe na uku. Fari fat. Har bango babu ko ɗigo.

Ya ce, "Kawu, wallahi shekarar nan ta tafi a banza. Ko ɗaya ban cika ba." Muryarsa tana rawa.

Masu sauraro, maganar nan ta soke ni. Na san yaron nan tun yana goye. Na san ba malalaci ba ne. Kuma na san a daren nan akwai irinsa da yawa da ke jin muryata, kowa da nasa littafin, ko da a zuci ne ya rubuta.

Na ce masa, "Kawo biro. Buɗe shafi na biyu. Bari mu ƙirga."

Na ce, "Izu 10 ka ce. Nawa ka samu?" Ya ce, "Biyu da rabi kawai, Kawu." Na ce, "Cire kawai ɗin, rubuta biyu da rabi." Izu ɗaya kusan shafi 10 ne a Alƙur'ani bugun Madina. Ke nan shafi 25. Bara warhaka ko layi ɗaya daga cikinsu babu a kansa.

Na ce, "A aji fa?" Ya ce na 14 ya zo. Bara fa? Na 31. Na ce, "Rubuta duka biyun."

Na ce, "Kuɗin keke fa?" Nan ya sunkuyar da kai. Ashe ya tara, har sun yi ɗan kauri. Da damina zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mahaifiyarsa, sai ya fasa asusun aka sayi magani. Mako biyu shi ke ɗebo ruwa, shi ke dafa wa ƙannensa taliya kafin ya tafi makaranta. Wannan ba ya cikin abubuwa 12 ɗin nan, don haka bai ƙirga shi a komai ba. Na ce, "Rubuta shi, da manyan baƙaƙe."

Sai ya tuna da kansa. A dogon hutu ya zauna wajen wani mai gyaran waya. Yanzu ya iya canza bakin caji, ya iya canza gilashi. Ya rubuta.

Kafin a kira magariba shafin ya cika. Ya dubi takardar, ya daɗe yana dubanta. Abin da ya fito daga bakinsa kalma ɗaya ce: "Ashe."

Ku riƙe wannan "ashe" ɗin. Za mu koma wa yaron nan.

Yanzu kashi na biyu, yadda ake lissafin shekara.

Kafin nan, na san wani zai ce, "Malam, ai wannan shekarar Nasara ce, ina ruwanmu?" Gaskiya ne muna da tamu. Shekarar Hijira tana farawa da Muharram, watan cika-ciki. Kwananta 354 ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11. Ɗan makaranta kuma yana da wata shekarar, wadda ke farawa a Satumba ta ƙare a Yuli. Zaɓi wadda ta kwanta maka. Ni dai na zaɓi yanzu ne saboda dalili biyu. An ba da hutun zangon farko, katin sakamako yana hannu. Kuma manyan jarrabawoyi sun ƙarato.

To yaya ake lissafin? Ba sai mun je nesa ba. Ku dubi manomi da kaka.

Manomi ba ya tsayawa a bakin gona ya ce "bana an samu" ko "bana ba a samu ba", ya tafi. Ƙirgawa yake yi. Gero dami kaza. Dawa dami kaza. Wake buhu kaza. In ya kai nisabi ya fitar da zakka, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in da wahalar ban-ruwa aka yi. Bayan nan sai ya zaga gonar. Me ya sa gefen gabas bai yi ba? Wuta-wuta ce ta kama shi? Taki ne bai isa ba? Ko noman ne ya makara? In ya gane, sai ya yi abu na ƙarshe. Ya zaɓi zangarniya mafi kyau, ya ware ta, ya ce wannan iri ne, ba na tuwo ba.

Ya ƙirga. Ya nemi dalili. Ya ware iri. Ku sake ji. Ya ƙirga, ya nemi dalili, ya ware iri.

Malamanmu suna kiran wannan muhasaba, wato mutum ya zauna ya yi wa kansa hisabi. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ma haka yake yi. Ya san uwar kuɗi, ya san riba, ya san bashin da ke waje.

Kai matashi, ke matashiya, tambayar farko ita ce, me na samu bana? A amsa da lamba. Kada ka ce "na ɗan yi karatu". Littafi nawa? Kada ki ce "na ɗan koyi ɗinki". Riga nawa kika ɗinka daga yanka har guga? Kuma a sa har abin da ba a shirya ba. Jinyar da ka yi. Ƙanin da kika koya wa baƙi da wasali. Abokin banza da ka rabu da shi. Duk amfanin gona ne, duk rumbu za su.

Tambaya ta biyu ta fi ɗaci. Me ya kuɓuce mini, kuma me ya jawo? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan zan ɗan daɗe.

Da muka zo nan da ɗan ƙanwata, na ce ya miƙo wayarsa. Yawancin wayoyin zamani suna da wani wuri a cikin saiti da ke nuna awa nawa mutum ya yi yana latsa su. Muka buɗe. Awa 4 a rana, wata rana har da ɗoriya. Mafi yawa TikTok ne da hirar WhatsApp.

Na ce ya buga lissafin da hannunsa. Awa 4 sau kwana 365. Ya samu awa 1,460. Na ce ya raba da 24. Ya samu kwana 60 da 'yan kai. Wata biyu cur, dare da rana, ba barci ba sallah. Ya ajiye biron.

Sai muka bi igiyar. Ranar Talata da Laraba yana zuwa gidan kallo, wasan Zakarun Turai. Da sanyin nan ƙarfe 9 na dare ake take manyan wasannin, a tashi wajen 11. In ya dawo, sai musu a waya, wa ya ci, wa ya ɓarar. Sauran ranakun ma a ƙarƙashin bargo yake latse-latse har ƙarfe 1. Asuba ta wuce shi. Hadda, da ma bayan asuba yake yin ta, ita ma ta wuce. Ya isa makaranta yana gyangyaɗi. Darasin farko kuma sau da yawa lissafi ne.

Kun gani? Asuba, hadda, lissafi, matsayi a aji. Buri huɗu ne suka faɗi, amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Igiyar ita ce lokacin kwanciya.

Likitocin da suka ƙware kan barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kullum. Na sake faɗa, awa 8 zuwa 10. Dalili kuwa, a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Kamar mai shago ne da ke jera kaya a kanta bayan ya rufe ƙofa. In ba a ba shi lokaci ba, gobe kayan suna zube a ƙasa. Wanda zai tashi ƙarfe 5 da rabi don asuba, ya kamata ƙarfe 9 da rabi ta same shi a shimfiɗa. In hakan ya gagara, ya rama da ɗan barcin rana.

Don haka in ka zo neman dalili, kada ka tsaya a "ni dai ba ni da ƙoƙari". Wannan zagin kai ne, ba ya gyara komai. Bi igiyar har ka kai turke.

Wani abu kuma, ku saurara da kyau. Ba duk asara ce laifinka ba. Manomi ba ya zargin kansa don ruwa ya ɗauke. Akwai yaran da aka rufe makarantunsu saboda rashin tsaro. Akwai waɗanda tsadar rayuwa ta sa suka bar aji suka kama talla ko dako. Akwai wanda ya rasa uba ko uwa a shekarar nan, Allah ya ji ƙansu. In kana cikin waɗannan, ja layi a tsakiyar shafi. Gefe ɗaya, abin da ke hannuna. Ɗaya gefen, abin da ba ya hannuna. Na hannunka shi za ka yi wa aiki. Ɗayan kuma a kai shi ga Allah, a kai shi ga manya.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan lissafin ƙarshen shekara ga matasa. Mun ce a ƙirga, a nemi dalili. Saura ware iri.

Kashi na uku ke nan, niyyar shekara mai zuwa.

Kuskuren ɗan ƙanwata na farko shi ne yawa. Abu 12 a lokaci guda! Ba a tauna taura biyu, balle 12. Shawarata, kada su wuce uku. Ɗaya tsakaninka da Ubangijinka. Ɗaya na karatu ko sana'a. Ɗaya na gida. In ka ga uku sun yi nauyi, ɗauki biyu.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma. Ya rubuta inda yake son zuwa, bai rubuta hanya ba. Hangen Dala ba shiga birni ba. "Zan haddace izu 10." To, yaushe? A ina? Layi nawa? Wa zai saurare ka? Babu ko ɗaya a takardar.

Akwai wani Bajamushe masanin halayyar ɗan'adam, Peter Gollwitzer. A 1999 ya fitar da wani rubutu da ya yi fice kan wannan batu. Abin da binciken ya nuna mai sauƙi ne. Mutumin da ya yanke tun farko cewa "in lokaci kaza ya yi, a wuri kaza, zan yi abu kaza", ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya ce "zan yi" ya yi shiru. Wato a ɗaure niyya a jikin wani lokaci da ba ya gocewa.

Mu kuwa an kafa mana turaku biyar a kowace rana. Asuba, azahar, la'asar, magariba, isha. Ko babu agogo, ladan zai tuna maka. Ɗaure niyyarka a jikin ɗaya daga cikinsu.

Bari in nuna muku da hadda. Shafi ɗaya a bugun Madina layi 15 ne. Ka ce, "In na idar da asuba, ba zan tashi daga kan tabarma ba sai na haddace layi 3." Layi 3 kacal. Asabar zuwa Laraba, kwana 5, shafi ya cika. Alhamis da Juma'a ka bar su don tilawa, kamar yadda makarantun allo ke hutawa. Shafi ɗaya a mako. Mako 52, shafi 52. Izu 5 ke nan a shekara. Yaron da ya ce izu 10 ya samu biyu da rabi. Wanda ya ce layi 3 zai samu 5. Da yayyafi kogi kan cika.

Kada kuma a raina kwanakin tilawar nan. Tun a 1885 wani Bajamushen, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da kansa ya ga yadda mantuwa ke aiki. Ya gano cewa a awannin farko da kwanan farko ne abin da aka koya ya fi saurin zubewa. Maganinsa shi ne a waiwaye shi, yau, gobe, bayan 'yan kwanaki, bayan mako. Alarammomin tsangaya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Abin da ke aiki a hadda yana aiki a kimiyya, yana aiki a lissafi. Minti 30 kullum ya fi kwana biyu na ƙarshe ana shan shayi ana hana ido barci.

Wani zai ce, "Malam, ni matsalata ina farawa, in na yi mako biyu sai in yi fashi, shi ke nan sai in watsar." To saurara. A 2009 wata mai bincike, Phillippa Lally, ita da abokan aikinta a wata jami'a da ke Landan, sun bi diddigin mutum 96 har mako 12. Kowa ya zaɓi sabon abu guda da zai riƙa yi kullum. Sun gano cewa kafin abu ya zama jiki, a tsaka-tsaki yakan ɗauki kwana 66. Wani ya samu a kwana 18. Wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne wannan. Fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Na sake faɗa. Fashin rana ɗaya ba ya rushe gini. In ka makara yau, gobe ka koma kan tabarmarka. Kada ka jira wata Janairun.

Yanzu ga 'yan ajin ƙarshe, masu fuskantar jarrabawa. Ku matso, wannan naku ne.

Hukumar JAMB takan buɗe rajista a farkon shekara, a yi jarrabawar wajen watan Afrilu. WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, sai NECO a Yuni da Yuli. Ku ƙirga watannin da yatsu. Ba su da yawa.

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa. In ba ka da ita, wannan hutun ne lokacin nema. In kana da ita, duba sunanka da ranar haihuwarka. Su zo daidai da abin da ke takardun makaranta, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya zama ciwon kai ranar neman gurbi.

Jarrabawar JAMB kanta a kwamfuta ake yin ta, tun 2015. Tambaya 180 ce. Turanci 60, sauran darussa uku kowanne 40. Lokaci awa 2. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, rabin hankalinsa zai tafi wajen neman inda zai danna. Saboda haka "zan koyi kwamfuta" ba ta isa ba. Ka ce, "Kowace Asabar bayan azahar zan je inda ake gwaji, in amsa tambayoyin shekarun baya, ina duban agogo." In babu kuɗin shago, a roƙi wani ɗan'uwa mai kwamfuta. Akwai manhajojin gwaji ma a waya. Ga aikin da ya dace da wayar nan.

Cikakken maki 400 ne. A 2024, cikin fiye da mutum miliyan 1.8 da aka fitar da sakamakonsu, sama da miliyan 1.4 ba su kai 200 ba. Ban faɗi wannan don in tsorata ku ba. Na faɗa ne don ku san ba wasan yara ba ne, kuma wanda ya fara shiri tun yanzu ya riga da yawa tashi.

Ku kula da zaɓin darussa. Mai son likitanci, bayan Turanci, sai bayoloji da kemistiri da fiziks. Mai son injiniya, lissafi da fiziks da kemistiri. Mai son lauya, kada ya bar adabin Turanci. Sannan jami'a tana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, a ciki har da Turanci. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 an tsallake faɗuwa, amma ba kiredit ba ne. 'Yan aji biyar na makarantun gwamnati a Kano, ku ma jarrabawar kwalifayin tana gabanku, wadda ake dubawa kafin gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin jarrabawar fita.

Ina roƙonku da babbar murya, ku guji masu cewa a kawo kuɗi za su ba da amsa. In an kama ka, ana iya soke sakamakon. In ba a kama ka ba, ka shiga jami'a da takardar da ba taka ba, kuma can babu mai ba ka.

Ban manta da ku ba, ku da ba kwa boko. Yaron kanikanci, niyyarka tana iya zama ka iya kwance kafireta ka mayar ba tare da maigida ya tsaya a kanka ba, kafin azumi. Yarinya mai koyon ɗinki ko kitso ko lalle, sa wa kanki lamba, ki shiga adashi ko ki sayi asusu, ki rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita. Almajiri, kai ma ka san izun da kake. Faɗa wa malam inda kake son kaiwa kafin damina.

Abu na ƙarshe a wannan kashi. Nemi shaida. Mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, wanda zai tambaye ka duk ranar Juma'a, "Ina aka kwana?"

Kashi na huɗu. Iyaye, na zo kanku.

In yaro ya kawo katin sakamako, me muke fara cewa? Sau da yawa, "Dubi ɗan gidan wane." Iyayena, maganar nan tana kashe zuciya. Gona ba a auna ta da ta maƙwabci, da ta bara ake auna ta. Yaron da ya tashi daga na 31 ya koma na 14 ya yi tafiya. In ba a yaba masa ba, zai ga tafiyar ba ta da amfani.

Ku san wani abu game da ƙwaƙwalwarsu. Sashen da ke bayan goshi, wanda ke tsara al'amura da danne son rai, shi ne na ƙarshen nuna. Masana sun ce sai wajen shekara 25 yake kammala. Don haka in kun ga matashi ya ɗaura niyya da zuciya ɗaya, bayan mako biyu ya saki, ba lallai raini ba ne. Icce ne ɗanye. Yana buƙatar abin jingina.

Na san akwai kunya a tsakaninmu, musamman ga ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya sakin jiki da shi. Ƙanwata ba za ta iya zama da yaron nan su buɗe littafi ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma ai don haka aka yi kawu. Don haka aka yi baffa da goggo da inna. Ga kaka, wadda jika ke faɗa wa abin da ba zai faɗa wa kowa ba. In kai ba za ka iya ba, ka aika shi wurin wanda zai iya.

'Ya'ya mata kuma, a tausaya musu. Yarinya ta dawo daga makaranta, ga wanke-wanke, ga raino, ga girki, ga Islamiyya. Yayanta namiji yana waje yana ƙwallo. Sannan a ce ba ta ƙoƙari. A ware mata awa ɗaya a rana wadda ba mai aiken ta. Awa ɗaya tak. A raba aikin da maza.

Ku kuma sa ido. In yaro mai surutu ya koma shiru na makonni, ya rage cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, yana yawan cewa ba shi da amfani, kada a ce iskanci ne. A zauna da shi cikin lallashi, a yi masa addu'a, a kai shi ga ma'aikacin lafiya. A irin wannan ramin ne abokan banza ke tsintar yaranmu su miƙa musu kwalba. Kun tuna a 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda ya yi wa matasa illa. Yaron da ke da mai sauraronsa a gida, da wuya a same shi a can.

Na ce za mu koma wa ɗan ƙanwata. Bayan mun dawo daga sallar magariba, ya buɗe shafi na uku. Abu uku ya rubuta. Ƙarfe 10 na dare zai kai wa mahaifiyarsa wayar ta ajiye masa, ban da daren da ƙungiyarsa ke wasa. Layi 3 bayan asuba. Tambayoyin lissafi 20 bayan la'asar, ranar Asabar kuma gwajin kwamfuta. A ƙasa ya rubuta, "Shaida: Kawu." Ya miƙo mini biron na sa hannu. Ranar Juma'ar nan zan kira shi, in Allah ya kai mu.

Kai da ke saurarona, ke da ke saurarona, ga roƙona. Yau bayan isha, ku nemo takarda, ko bayan tsohuwar kalanda ce. Ku rubuta abin da kuka samu bana, da lamba. Ku bi igiyar abin da ya kuɓuce. Ku ware iri uku, kowanne da lokacinsa. Gobe da safe ku nuna wa mutum ɗaya. Iyaye kuma, in an kawo muku takardar, ku karanta ta har ƙarshe kafin ku ce komai.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a shekarar da za mu shiga. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. A kwana lafiya.